Haƙori Ɗaya A Sufoket: Riba Da Hasarar Sassauta Wa Babur Giya Don Doguwar Tafiya

Duk wanda ya taɓa hawa ƙaramin babur ya miƙi hanyar Kano zuwa Zariya, ko ta Maraɗi zuwa Damagaram, ya san lokacin da ƙafar hagu ke zuwa laluben giyar da babu ita. Tun daga bakin gari aka shiga ta ƙarshe, titi ya miƙe sambal, inji na ta kururuwa, madubi na rawa har ba a iya tantance motar da ke tafe a baya. Kafin a yi awa guda yatsu sun sage, tafin ƙafa na zugi. Sai mutum ya sake taka giya ko Allah zai sa a dace, alhali ya san ta ƙare. Idan ya kai kukansa gareji, amsar kusan ɗaya ce ko'ina: "Maigida, a sa maka sufoket mai haƙori sha biyar a gaba, za ka ji babur ya saki jiki."

Shawarar tana da tushe, kuma aikin ba ya cin kuɗi ko lokaci sosai. Abin da ba a cika gaya wa mai babur ba shi ne, sufoket ba ya ƙara wa inji ƙarfi ko na ƙwayar zarra. Musaya ce kawai ake yi: ka ba da wani abu daga ƙarfin ja, a ba ka sauƙin juyin inji. Ko cinikin zai yi riba ko zai karya jari, ya danganta ne ga tambaya guda, wato shin injin yana da rarar ƙarfin da zai iya bayarwa? Babur mai rara zai ji daɗin sauyin. Wanda ba shi da ita kuwa an ƙara masa wahala ne, sai dai kukan nasa ya koma ƙasa-ƙasa, mai shi ya ɗauka lafiya ce ta samu.

Ƙarfin inji kan bi matakai uku kafin ya isa ƙasa, kuma a kowane mataki ana rage saurin juyi ne don a sami ƙarfin turawa. Na farko yana can cikin inji, tsakanin sandar da fistin ke juyawa da kuloci. Na biyu shi ne giyabos, inda giya huɗu ko biyar ko shida suke. Waɗannan biyun kamfani ya riga ya yanke hukunci a kansu, taɓa su sai an farke inji. Na ukun ne ke waje a fili: ƙaramin faifai mai haƙora a jikin inji, babban faifai a jikin tayar baya, da cen da ya haɗa su. Shi kaɗai ne mai babur ke iya sauyawa da sifana biyu a gindin bishiya, shi ya sa duk maganar ta tattaru a kansa.

Lissafinsa ko ɗan firamare zai iya. A raba haƙoran na baya da na gaba. A ce babur yana da 14 a gaba, 42 a baya: amsa 3 ke nan, ma'ana sai ƙaramin ya juya sau uku kafin taya ta juya sau ɗaya. Idan aka cire mai 14 aka sa mai 15, amsar ta koma 2.8. Bambancin bai kai kashi 7 cikin 100 ba. Injin da a dā yake juyi 7,000 a minti don ya riƙe wani gudu, yanzu zai riƙe shi da wajen 6,500. Ta ɗaya fuskar kuma, juyin da a dā yake ba da kilomita 80 a awa, yanzu zai ba da kusan 86, in har injin ya iya kai kansa wurin. Wannan "in har" ɗin shi ne gaba ɗayan rigimar.

Ana iya bi ta baya ma. Rage haƙoran babban faifai daidai yake da ƙara na ƙarami, sai dai tasirinsa kaɗan-kaɗan ne. Daga 42 zuwa 41 juyin inji ya ragu da kusan kashi 2 da rabi, zuwa 40 kusan kashi 5, sai an kai 39 sannan a yi daidai da haƙori ɗaya na gaba. Saboda haka ake cewa ɗaya a gaba uku ne a baya. Mai son ya taɓa kaɗan ya ji, ta baya ta fi masa. Mai son sauƙin aiki da araha, ta gaba. Akwai kuma masu zafin nama da ke haɗa biyun, 15 a gaba da 39 a baya, su zabge fiye da kashi 13 lokaci guda. A ƙaramin babur wannan ya wuce gyara, ya zama ɓarna.

Wanda ya taɓa tuƙa keke mai giya ya riga ya san abin a cinyarsa. Idan ka mayar da sarƙa kan ƙaramin faifan baya, ƙafa na juyawa a hankali keke na cin ƙasa, daɗi kamar me a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Da an zo hawa ko iska ta taso ta gaba, sai ka ji feda ta yi nauyi, ka miƙe tsaye kana nishi. Ƙarfinka bai ragu ba, bai kuma ƙaru ba. Abin da inji ke ji ke nan, bambancin kawai shi ba ya iya sauka ya tura.

Wannan al'ada ta sauya sufoket don jin daɗin babbar hanya ta fi ƙarfi ne a Amurka da Turai, kuma ya kamata a san irin baburan da ake yi wa ita a can. A manyan hanyoyin Amurka ana tafiyar mil 70 zuwa 80 a awa, wato kilomita 110 zuwa kusan 130, awa bayan awa. A Jamus gudun da hukuma ke ba da shawara a kan Autobahn kilomita 130 ne. Misalin da ya fi shahara shi ne Kawasaki KLR650, wanda ya fito a 1987: silinda ɗaya, giya biyar, haƙora 15 a gaba da 43 a baya daga kamfani. An ƙera shi don ya yi kwalta ya yi daji, saboda haka a babbar hanya yakan cika hayaniya. Masu shi da yawa sukan sa mai 16, juyi ya sauko daga misalin 5,000 zuwa wajen 4,700, su ce duniya sabuwa. Sun yi gaskiya. Amma babur ne mai sisi 650 da ƙarfin doki wajen 40. Idan ya ba da kashi 6 cikin ƙarfin jansa, ko a jikinsa.

Namu fa? Abin da ya cika titunan Arewa da kudancin Nijar shi ne 'yan 100 da 110 da 125 da 150: Bajaj Boxer, TVS, Haojue, Jincheng, Daylong da 'yan uwansu. Da yawa daga cikin na Sin ɗin jikokin Honda CG125 ne, wanda aka fitar a 1975 musamman don ƙasashen da hanya ba ta da kyau kuma ba a damu da sabis ba. Boxer mai sisi 100 ƙarfin dokinsa wajen 8 ne, mai 150 wajen 12, kuma ba ya ba da wannan ƙarfin sai juyi ya kai misalin 7,500 a minti. A nan ne mutane ke kuskuren fahimta. Wannan kururuwar da ke damun kunne, ita ce muryar ƙaramin inji a lokacin da yake kan ganiyar aikinsa. Ba shi da wata hanyar samar da ƙarfi sai ta yawan juyi.

Abokin gabarsa a kan kwalta kuwa iska ce, ba nauyi ba. Iska ba ta da adalci a lissafi. Idan gudu ya ninka biyu, turjiyarta ninkin huɗu take yi, ƙarfin da ake bukata don keta ta kuma ninkin takwas. Daga kilomita 60 zuwa 80 a awa, ƙarfin da iska ke ci ya haura ninki biyu. Daga 80 zuwa 100 ya sake kusan ninkawa. Ga mahayi zaune a miƙe, ƙirji a buɗe, babbar riga ta cika da iska, wani lokaci da kwali ɗaure a baya. Doki takwas ɗin nan kafin a kai 90 an kusa cinye su tas. Kamfani ya san haka, shi ya sa yake zaɓen haƙoran da za su sa ƙarshen gudun babur ya faɗo daidai kusa da inda inji ya fi ƙarfi.

To idan aka sa wa irin wannan babur sufoket ɗin gudu, wato mai ƙarin haƙori a gaba, me ke faruwa? A kowane gudu injin yana ƙasa da juyin da ya saba, ƙarfin da yake iya bayarwa a wurin ya ragu, iska kuma ba ta rage komai ba. Sai a wayi gari babur ɗin da ke kai 95 a dā, yanzu ya tsaya a 88 ya ƙi gaba, totur a murɗe har ƙarshe. Mutum ya biya kuɗi don gudu, ya sayo raguwarsa. Ba a nan ma ɓarnar take ba. Injin da ake danne wa totur alhali juyinsa ya gaza, zafi yake tarawa. Waɗannan injina iska ce ke sanyaya su, ba ruwa ba. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ko Maiduguri ke haura digiri 40, da fetur ɗin da ba kullum ake da tabbacin ingancinsa ba, sai a fara jin wani ɗan ƙaras-ƙaras a kan silinda idan an murɗa. Wannan ƙarar ta fi kururuwa haɗari nesa ba kusa ba, domin fistin da ringi da boris ne ke shan duka. A ganina, ƙaramin inji ya yi yini yana juyi da sauri cikin sauƙi ya fi masa alheri a kan ya yi awa biyu yana gurnani a ƙarƙashin nauyi.

Hanya ma ba ɗaya ba ce. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Wanda ya tashi daga Kano ya nufi Haɗeja ko Nguru a watan Janairu, gaba da gaba zai yi da ita, a dawowa kuma ita za ta turo shi. Sufoket ɗin da ya yi daɗi a dawowa shi ne zai sa a yi ta saukowa giya ta uku a zuwa. Mai zuwa Jos ta Akwanga yana da Hawan Kibo a gabansa, kuma idan ya hau, yana kan tudun da ya kai mita 1,200 sama da teku, inda iska ta fi siranta, inji ya rasa kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa tun kafin a taɓa masa komai. Shawarar da ta dace da mai zirga-zirga tsakanin Katsina da Daura ba lalle ta dace da mutumin Filato ko Mambila ba.

Wani abin da ake mantawa: sufoket ba giyar ƙarshe kaɗai yake sauyawa ba, duka yake ɗagawa har ta ɗaya. Babur a wajenmu kuwa jakin gida ne. Yau ya ɗauko buhun masara daga gona, gobe uwargida da yara biyu, jibi jarkoki huɗu na ruwa a cikin yashi. Tashi da irin wannan kaya da giyar ɗaya da aka yi wa tsawo yana nufin a riƙe kuloci rabi-rabi ana ba da wuta, kuma faifan kuloci ne ke biyan kuɗin. Ɗan acaɓa ko ɗan kabu-kabu da ke tsayawa ya tashi sau ɗari a yini, ba ruwansa da sufoket ɗin gudu. Hasali ma masu dakon kaya a karkara akasin haka suke yi, su sa babba a baya, kuma suna da hujja.

Yawan giya ma na da magana. Babur mai giya biyar ko shida, idan ta ƙarshe ta yi tsawo sai ta zama giyar hutawa, ta ƙasa da ita ta karɓi aikin hawa da wuce mota, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta da yawa. Mai giya huɗu ba shi da wannan gata. Tsakanin ta uku da ta huɗu rami ne mai faɗi. Idan ta huɗu ta gaza jan iska, ka sauko ta uku, injin zai yi ihun da ya fi wanda ka gudu tun farko. Sai ka rasa inda za ka zauna, ta huɗu ta yi nauyi, ta uku ta yi gajarta.

Amma kada a ɗauka ina cewa sauyin ba shi da amfani. Yana da shi, kuma amfaninsa na gaskiya yana wajen karkarwa. Inji mai silinda ɗaya ba ya rabuwa da girgiza, tunda fistin guda ne ke hawa da sauka babu abokin da zai daidaita shi, kuma yawancin ƙananan baburanmu ba a sa musu sandar da ke kashe girgiza a ciki ba. A juyi 6,000 a minti, fistin na zuwa ya dawo sau 100 a daƙiƙa guda, wuta na tashi sau 50. Abin lura shi ne girgizar ba ta tafiya bai ɗaya. Kowane babur yana da wani yanki na juyi inda ƙarfen jikinsa da kan tuƙi da matakin ƙafa ke amsawa tare, karkarwa ta tsananta, in an wuce wurin kuma wani lokaci ta lafa. Idan naka yana fara cizon hannu a kilomita 75 a awa, kai kuma tafiyarka a 77 take, haƙori ɗaya zai tura wannan yankin zuwa wajen 80, ka koma tafiya a ƙasa da shi. Gudunka bai ƙaru ba, amma ka isa da yatsunka. Ribar ke nan, kuma ba ƙarama ba ce ga mai yin Kano zuwa Katsina duk mako. Sai dai abin na iya juyewa: wanda a dā yake tafiya a saman yankin karkarwar, sabon sufoket na iya dawo da shi tsakiyarta.

Saboda haka kafin a sayi komai, a tambayi babur ɗin da kansa. A sami shimfiɗaɗɗiyar hanya marar cunkoso, da irin kayan da aka saba ɗauka, a shiga giyar ƙarshe a tsaya kan gudun da aka saba. A lura da hannun dama. Idan totur yana wajen rabi, kuma da an ƙara murɗawa babur ya zabura ya ci gaba da hawa har inji ya ƙure muryarsa, to akwai rara, haƙori ɗaya zai karɓe shi. Idan kuwa totur ya kusa ƙarewa, an ƙara murɗawa sai ƙara ta sauya gudu bai sauya ba, a bar shi yadda yake. A yi gwajin zuwa da dawowa saboda iska, a kuma duba gudun da taswirar waya, don malejin babur ya saba yi wa mai shi daɗin baki. Ga abin da na lura da shi, mai 150 ko 200 mai giya biyar, wanda yawanci shi kaɗai yake hawa kuma kwalta ce hanyarsa, shi ne ya fi cin wannan gwaji. Mai 100 da ke ɗaukar iyali da ƙyar yake ci.

Kafin gwajin ma, a durƙusa a ƙirga haƙoran da ke jiki. Yawanci an buga lambar a jikin faifan, kamar 428 da 14T, ta farkon girman cen, ta biyun yawan haƙora. Babur ɗin da aka saya na hannu, ko wanda aka sha sauya wa cen da sufoket da duk abin da aka samu a shago, sau da yawa ba lissafin kamfani ne a jikinsa ba. Mai shi na farko wataƙila ɗan dako ne ya sa mai 45 a baya. Irin wannan ba ya bukatar wata dabara, a mayar da shi yadda ya fito kawai. Girman taya ma yana shiga lissafin: daga 2.75 zuwa 3.00 a kan wili mai inci 18 an ɗaga giya da wajen kashi 2 ba tare da an sani ba, tayar da ta suɗe ko ta rasa iska kuma tana rage ta.

Sannan akwai cutar da ke kama da gajartar giya alhali ba ita ba ce, wato zamewar kuloci. Alamarta, a giyar ƙarshe ka murɗa totur, ƙarar inji ta tashi nan take amma gudu ya biyo baya a makare. Kulocin waɗannan babura a cikin baƙin mai yake wanka, kuma wasu mayukan mota suna ɗauke da sinadarin ƙara santsi da ke sa shi zamewa. Shi ya sa ake neman alamar JASO MA a jikin galan. Wanda ya sa sufoket ɗin gudu a kan kulocin da ke zamewa, ya ƙara masa nauyi ne ya gaggauta mutuwarsa. Haka nan karkarwa: notin da ke riƙe inji a jikin firam in ya kwance, robobin cikin tayar baya in sun cinye, wili in ya karkace, cen in ya yi wuri mai tauri da wuri mai sako-sako, duk suna jijjiga mahayi, kuma babu wanda adadin haƙora zai warkar. Wasu baburan suna zuwa da 'yan ƙarafa masu nauyi a bakin kan tuƙi, yara masu son kwalliya su cire su yar, ba su san don kashe girgiza aka sa su ba. Wani lokacin ma gajiyar daga soson kujera ce da ya mutu.

Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, hujjar da ta fi saurin sayar da sufoket ita ce tsimin mai. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki: raguwar juyi tana rage gogayya a cikin inji, kuma babur mai rara zai ɗan rage sha. Amma ɗan kaɗan ne, bai kai yadda ake zuzutawa ba. Idan kuma sauyin ya sa kullum totur na ƙure, kafireta za ta buɗe babbar ƙofarta, abin da aka tara ya zube. Wanda ke son ya ga bambanci a aljihunsa, rage gudu daga 85 zuwa 70 zai ba shi abin da babu sufoket ɗin da zai ba shi, saboda lissafin iskar nan da aka yi a baya.

Maleji kuma ya danganta da inda yake ɗaukar labari. Yawancin namu waya ce ta taso daga tayar gaba, saboda haka sauyin bai shafe shi ba. Manyan babura na zamani da yawa daga giyabos suke karantawa. A irinsu, bayan an sa na gudu, maleji zai riƙa nuna ƙasa da ainihin gudun da ake yi, ya kuma rage ƙirgen kilomita. A tuna kuma littafin dokokin hanya na Najeriya kilomita 50 a awa ya yanka wa babur, cikin gari da babbar hanya. Kowa ya san yadda ake bin wannan doka, amma birkin da ke jikin babur bai san an sauya sufoket ba. Yawanci birkin ganga ne gaba da baya, kuma nisan tsayawa yana ninkawa biyu tsakanin 60 da 85. Taimakon da inji ke yi wajen rage gudu idan an saki totur shi ma yana ɗan raguwa, abin da mai gangarowa daga tudu da kaya zai ji a jikinsa.

Duk wannan magana ta masu cen ce. Manyan BMW masu injin kwance da Honda Gold Wing sandar ƙarfe ce ke juya musu taya, yawancin Harley-Davidson bel ne, sauya lissafinsu aiki ne mai tsada da ba a yi a bakin titi. Roba-roba mai cen ana iya yi mata, sai dai kulocinta mai kama kansa ne, kuma ba ya son a ɗora masa giya mai tsawo ga kaya.

Idan an yanke shawarar yi, a fara duba wuri. Faifai mai 15 ya fi mai 14 faɗi, a wasu injina cen zai riƙa gogar murfi ko jikin inji, kuma gogar jikin inji ba abin wasa ba ne. Lambar cen dole ta dace: 428 ba ya hawa kan haƙoran 420 ko 520 yadda ya kamata, ko da an ga kamar ya zauna. Tsakanin gaɓa da gaɓa a cen 428 milimita 12.7 ne, haƙori ɗaya a gaba kuma yana jawo tayar baya ciki da wajen milimita 3 kacal, saboda haka tsohon tsawon cen yakan isa. Rage uku a baya yana tura taya waje da kusan milimita 10, wani lokaci sai an cire gaɓa, kuma bibbiyu ake cirewa. Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne lokacin da cen ya tashi sauyi, a sa saiti guda sabo. Sabon faifai a kan miƙaƙƙen cen, ko sabon cen a kan haƙoran da suka lanƙwashe suka yi tsini, ɗaya zai cinye ɗaya cikin 'yan watanni. Araha kuma ba ta ado a nan: akwai faifan da ƙarfensa laushi ne, akwai wanda raminsa bai zauna a tsakiya ba, ka juya taya ka ga cen na ɗaurewa yana saki. A gwada haka tun a gaban mai shago.

Bayan an ɗaura, a tabbatar alamomin da ke gefe biyu na tayar baya sun yi daidai, ƙaramin makullin cen kuma rufaffen bakinsa ya kalli inda cen ke tafiya, in ba haka ba wata rana zai fice a kan hanya. Kanikawa da yawa suna ɗaure cen tamau don maigida ya ga an yi aiki. Kuskure ne, domin da an zauna a kai ko an faɗa rami cen ƙara ɗaurewa yake yi, ya ja boris ɗin giyabos. Yawancin ƙananan babura wasan santimita 2 zuwa 3 suke so a tsakiyar cen, kuma wasu an manna adadin a jikin ƙarfen da ke riƙe tayar baya. A mayar da murfin cen, kada a bar shi a gareji, don ƙurar hunturu in ta haɗu da mai ita ke cin haƙora. Sabon cen yakan ɗan saki a tafiyar farko, sai a koma a sake ɗaure shi. Tsohon faifan gaban kuma in da sauransa a ajiye shi, domin idan kaka ta zo aka koma jigilar buhuna a hanyar gona, aikin minti ashirin ne a mayar da shi.